Igiyar da ke Saman Bukkar Inna Hauwa

Jiya na sa hotona da sabuwar hula, mutum ko ɗaya bai ce ta yi mini kyau ba. Na yafe muku, ba don halinku ba. Ku karanta wannan.

Akwai wata mata a wani ƙauye na bakin ruwa a ƙasar Ngaski, sunanta Uwani, mai bandar kifi. Da 'yan bindiga suka koro wasu mata da 'ya'yansu daga garuruwan tudu, sai mai gari ya ba su fili can gangare, dab da tafki. Suka yi ta godiya, suka kafa bukkoki.

Su manoma ne, ba su san ruwa ba. Duk ɗan garin kuwa ya san idan tafki ya cika, wannan filin kifi ke kwana a ciki.

Uwani ta yi ta zarya ƙofar mai gari tana roƙon a mayar da su kan tudu, har takalminta ya tsinke. Kullum amsa ɗaya: "Kawo namiji masunci ya shaida." Tudun da take roƙa kuwa nan maza ke shanya taru, don haka kowa ya kama bakinsa.

Ta je wa Salisu, ɗan ƙanen mai gari.

"Gwamnar baƙi!" in ji shi. "Yau kuma wa za a ɗaure?"

"Salisu, na gaji. Magana ɗaya za ka faɗa: ina ruwa ya kai bara."

"In bar wurin shanyata, in kuma ɓata da Baffa? Je ki, kifinki na ƙonewa."

Wata ranar kasuwa ya bi ta gangare, sai wata tsohuwa cikin baƙin, Inna Hauwa, ta kira shi. Tana zaune gindin bishiyar da ta jingina bukkarta, jikarta na barci a cinyarta.

"Ɗana, kai dogo ne. Ciro mini igiyar can in ɗaure ƙofa. Wa ya hau sama haka ya ɗaura ta, don Allah?"

Salisu ya ɗaga kai. Igiyarsa ce. Bara, yana tsaye cikin kwalekwale ya ɗaura ta, bai hau komai ba. Ga ta can sama da rufin bukkar.

Ya dubi yarinyar. Bai ciro igiyar ba.

Ya sami Uwani a bakin banda, hayaƙi ya rine mata ido. Ya ce, "Tashi mu je. Amma mu biya da Baffa ta gangare."

Mai gari ya ga igiyar, ya ga tsohuwar, Salisu ya shaida masa cewa nan ruwa ya kai bara. Aka ba matan filin tudun.

Masunta suka daina amsa gaisuwar Salisu. Tarunsa a kan katangar gidansa yake shanyawa yanzu. Da tafki ya cika, gangaren ya nitse, saman bishiyar kawai ake hange. Ba a rasa ko kaza ba.

Inna Hauwa ta aiko masa da fura. Ya ce wai ta yi tsami, ya kuma shanye tas.

Darasi: Mai fafutukar kare baƙi da mata ba kirari take nema ba. Abin da ka sani ka yi shiru a kai, shi ne gudummawar da take jira. Ku tura wa wasu, ko kwa rage laifin da kuka yi wa hulata.