Takalman da Suka Fuskanci Ciki

A wani zamani mai tsawo da ya shuɗe, can a tsibiran Japan, an yi wani sarki mai suna Munetaka wanda baƙin ciki ya hana shi sakat. Kakanninsa sun bar masa fada mai hawa biyar a ƙoƙuwar dutse, fara fat, gajimare na kewaye da gindinta, sai wani aljani ya tare a ciki. Mugun ba ya korar kowa, maraba ma yake yi. Baƙo ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa bisa al'ada, ya shiga, shi ke nan.

Mayaƙa saba'in suka hau da takubba, shiru. Na ƙarshe da ya bi su wani kafinta ne, Heizo, wanda aka sa ranar aurensa da Otane mai saƙar takalman ciyawa. Otane ta faɗi gaban sarki ta nemi izinin hawa, ya ba ta, fadawa na dariya ciki-ciki.

Ta bi karkatacciyar hanya ta wuce ƙofofi bakwai, ramukan harbin kibiya na kallonta daga ganuwa, ko tsuntsu babu. Tsoro ya kama ta ƙwarai. A ƙofar ƙarshe ta iske takalma jere, har da waɗanda ta saƙa wa Heizo. Idon mai sana'a ya ga abin da mayaƙa ba su gani ba: duk sun fuskanci ciki, alhali mai masauki kan juya wa baƙo takalminsa ya kalli hanyar gida.

Wani tsoho cikin alharini ya fito, ba shi da inuwa. Ya ce, "Barka da zuwa, ɗiyata. Tuɓe ki shigo, shayi na kan wuta."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, masaƙiyar takalmi ba ta da na sawa." Ƙafafunta tsirara suke, suna jini.

Ta durƙusa tana juya takalman ɗaya-ɗaya, masu su na fitowa a rame, har Heizo. Waɗanda suka ruɓe kuwa suka marmashe a hannunta, ba wanda ya fito, ta yi kuka. Saura wasu na ƙarfe a lungu, na aljanin tsohon nan. Tsohon ya roƙe ta kada ta taɓa su. Ta juya su. Ya saka, ba da sonsa ba, ya gangara dutsen yana waiwayenta.

Sarki ya koma fadarsa, ya ɗaura auren Otane da Heizo da kansa. Amma ba wanda ya san ƙofar gidan da tsohon ya nufa. Har ta tsufa, Otane ba ta taɓa barin takalmi ya fuskanci cikin gidanta ba.