Bidiyon Baba Namadi

An yi wani mutum a wani gari, ba sai na faɗi garin ba. Sunansa Sallau. Bawan Allah ne marar yawan magana, ba shi da kowa a garin sai sana'arsa. Zamanin nan ne da data take da tsada, mutane ba sa sauke komai da kansu. Mai son wa'azi ko fim ko waƙa, sai ya ciro memori daga wayarsa ya kai wa mai turawa a zuba masa. Sallau mai turawa ne. Teburinsa na bakin tasha, da rumfar buhu da tsohuwar kwamfuta guda.

To ku saurara ku ji yadda masu turawan garin suke aiki. Babu wanda yake da komai shi kaɗai. Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci, sai su haɗu a shagon wani Barau, kowa ya buɗe kwamfutarsa, a jona, kowa ya shiga ta ɗan'uwansa ya kwashi abin da ba shi da shi. Dokarsu ɗaya ce: wanda bai kawo ba, ba ya ɗiba. Wannan zaman shi ne kasuwar Sallau, shi ne majalisarsa, a nan kaɗai yake cin abinci da hannun wani a kwano ɗaya.

Ran nan Barau ya biyo ta tasha, yana zaune a bencin Sallau suna hira, sai ga wata mata. Ladidi ce, 'yar Baba Namadi, tsohon sarkin tasha. Namadin nan a zamaninsa mutum ne mai zafi. Ya taɓa kifar da teburin Sallau a gaban jama'a, wai ya tare hanyar mota. Amma an daɗe ba a ganinsa.

Ta miƙa memori biyu. "Malam, wannan tana neman lalacewa. Ka juye min abin da ke ciki a sabuwar. Yayana zan aika wa, ya nuna wa likita."

Sallau ya juye a kwamfuta, daga nan ya zuba a sabuwar. Ta karɓa ta tafi. Ba ta ce ya rufa asiri ba. Ba ta ma san cewa abu yana saura a kwamfuta ba.

Kafin Sallau ya goge, Barau ya miƙa hannu ya danna.

Baba Namadi ne a tsakar gida, ba riga, ya ruɗe da tsufa. Yana rarrafe yana kuka yana kiran innarsa, wadda ta rasu tun kafin a haifi Sallau. Can sai ya miƙe yana tafi da hannu, yana waƙar 'yan mata ta dandali.

Barau ya yi dariya har da riƙe ciki. "Kai! Sarkin tasha! Mutumina, wallahi ka tsinci dami. Gobe duk direban da ke garin nan sai ya zo a tura masa."

Sallau ya goge bidiyon.

"Au, gogewa ka yi? Ustazu ke nan. Goge mana. Ni da nake dawo da abin da aka goge tun bara? Ka kawo kwamfutar ran Juma'a."

"Ba nawa ba ne, Barau."

"To na wa ne? Duk abin da ya shiga kwamfutarka na majalisa ne. Ka manta ranar da ya watsa maka kaya a kwata?"

"Ban manta ba."

"To fa?"

"Ba nawa ba ne."

Barau ya tashi yana karkaɗe riga. "Ko ba ka kawo ba, ai za ka je salla. Maƙwabcin da kake bar wa teburi, yarona ne."

Ku saurara, a nan jarrabawar take. Barau gaskiya ya faɗa. Abin da aka goge bai tafi ba, yana kwance a cikin kwamfuta, mai ilimin abin zai tono shi. Hanya ɗaya Sallau ya sani: ya wanke kwamfutar tas, ya bi ta da wankin da ba ya barin komai. Ba shi da wani wurin da zai juye kayansa. Tafsirai na shekaru, waƙoƙin da masu su suka mutu, finafinan da babu mai su a garin sai shi. Duk abin da yake kaiwa majalisa a ba shi wuri, a ciki yake.

La'asar ta kusa. Ya daɗe yana kallon kwamfutar. Zuciya ta ce masa, kai ba kai za ka yaɗa ba, Barau ne. Ta ce masa, mutumin nan bai taɓa yi maka alheri ba. Ta ce masa, 'yarsa ma ba za ta taɓa sani ba.

Ya yi bisimilla, ya danna. Bai tashi ba sai da ta gama, ya rasa jam'i.

Ran Juma'a ya ɗauki kwamfutar ya je shagon Barau. Aka jona. Barau ya yi ta lalube, babu komai.

"Kai mahaukaci ne? Duka?"

"Duka."

Wani daga cikinsu ya ce, "To Ustazu, me ka kawo mana yau?"

"Ban kawo komai ba."

"Ai ka san doka."

Ya sani. Ya zare igiyarsa, ya naɗe, ya yi musu sallama. An kawo abinci lokacin, babu wanda ya ce masa bisimilla.

Jama'a, ba zan ce muku washegari arziki ya sauko masa ba. Bai sauko ba. Mutane su zo su tambayi sabon fim, ya ce babu, su wuce gaba. Daga baya suka daina tambaya. Ya koma cajin waya da goge gilashin waya. Ran Juma'a in an sauko, sai ya dawo rumfarsa ya zauna, yana kallon motoci suna lodi suna tashi. Ladidi takan wuce ta tasha. Ba ta ma gane shi.

Da damina ta faɗi, Baba Namadi ya rasu. Tasha ta tsaya cak. Direbobi da 'yan kamasho da 'yan dako suka cika layi. Ana ta cewa namiji ya tafi, mutum mai kwarjini, wanda bai taɓa sunkuyawa ba. Jikokinsa suna tsaye suna ji, kansu a sama. Barau ma ya zo, ya yi salla. Sallau yana sahun ƙarshe. Da aka binne ya koma rumfarsa, babu wanda ya ce masa sannu.

To ni abin da nake gaya muku ke nan. Amana ba sai an ce maka ga amana ba. Duk abin da ya faɗo hannunka na sirrin wani, ko mai shi ya sani ko bai sani ba, ko masoyinka ne ko wanda ya ci mutuncinka, amana ce, kuma za a tambaye ka. Riƙe ta tana iya raba ka da abokai, tana iya raba ka da kasuwa, kuma wanda ka rufa wa asirin ba lallai ya taɓa sani ba. Allah ya sani. Wanda ya rufa asirin ɗan'uwansa, shi ma yana da ranar da zai buƙaci a rufa nasa.

Yau babu mai buƙatar teburin Sallau. Kowannenku mai turawa ne, teburin yana aljihunsa. An turo maka tsiraicin wani, ko haukarsa, ko kukansa, yatsanka yana kan wurin turawa, 'yan zaurenku suna jira. Kafin ka danna, ka tuna mutumin da ke ciki yana da 'ya'ya, kuma kai ma za ka tsufa.

Allah ya rufa mana asiri, ya ba mu ƙarfin rufa na wasu.