Wayar Nazifi da Ke Cikin Ordinatar

Akwai wani abu da ya same ni bayan rasuwar ɗana Nazifi, na ce bari in faɗa muku. Sunana Zuwera, a unguwar Talladjé nake.

Nazifi ɗalibi ne, a jami'ar da ke Harobanda yake karatu. Zazzaɓi ya ɗauke shi. Bayan sadakar arba'in na ba Halimatou, 'yar maƙwabciyata, ordinatar ɗinsa, wato kwamfutarsa, don ta yi karatu da ita, ladan ya kai masa.

Amma akwai abin da na ɓoye wa kowa. In kewa ta taso mini, sai in buɗe lambarsa a WhatsApp in aika masa vokal, wato saƙon murya. In tambaye shi ko ya ci abinci, in yi kuka, in aje waya. Saƙon ba ya shiga, kuma hakan bai dame ni ba.

Ran nan da hantsi ina tsintar shinkafa, na duba waya. Duka saƙonnin sun shiga. Alamar ta koma shuɗiya. An saurara.

Tiren ya suɓuce daga hannuna.

Tun muna yara ake ce mana hawayen uwa na ƙona mamaci. Na ce shi ke nan, na hana yarona kwanciya. Ina kallo sai ga "en ligne" ƙarƙashin hotonsa, wai yana kan layi. Na cusa wayar cikin buhun gero na fita tsakar gida.

Na daina cin abinci. Ko sunansa na ji tsoron kira cikin addu'a. Wa zan gaya wa? A ce Zuwera ta taɓu?

Ana haka Halimatou ta yi sallama, ordinatar a naɗe cikin zane, ta riƙe ta nesa da jikinta.

"Inna, ki karɓi abinki. Wallahi ba ni iyawa."

"Me ya faru?"

"Na danna wani ɗan hoto, sai waya ta fito cikin gilashin. Waya sosai, Inna! Na taɓa, sai na ji muryarki kina kuka. Tun ranar a ɗakin mamana nake kwana."

Muka kira Idrisa, abokin Nazifi. Ya buɗe, ya duba, ya share ido.

"Inna, kin tuna an sace masa waya a taksi? Bai so ki sani ba ya kasa sayen wata. Sai ya girka Android cikin ordinatar, wayar da ba ta da jiki, mashin birtuwel ake ce mata. Da ita yake kiranki. In an kunna ta, lambarsa ta farka."

"To ba shi ne ya ji ni ba?"

"Halimatou ce ta ji ki."

Na zauna a ƙasa. Yarona na kwance lafiya, ban tashe shi ba.

Idrisa ya ce, "In kashe wayar gaba ɗaya?"

Na ce ya kwashe mini hotunan Nazifi da ke cikinta tukuna. Sannan na kama hannun Halimatou, ni da ita muka danna maɓallin kashewa tare.

Darasi: Tsoron da ka ɓoye shi ke cinye ka. Ni da yarinyar nan katanga ɗaya ta raba mu, kowa na rawar jiki shi kaɗai. In abu ya firgita ka, ka faɗa wa wani. Kuma kafin ku bayar da na'urar mamaci, ku sa wanda ya sani ya duba cikinta. Ku tura wa 'yan'uwa, ku sa Nazifi a addu'a.