Telan da Ya Cinye Gumin Mata

An yi wani mutum, ya 'yan uwa, tela ne. Da keke ɗaya ya fara, a rumfar bakin titi. Allah ya buɗa masa, wani kamfanin sutura na ƙasar waje ya ba shi kwangilar ɗinka riguna. Ya kama ƙaton ɗaki, ya jera kekuna, ya ɗauki mata aiki.

Kamfanin yana biyansa daidai, har da sharaɗin ya kyautata wa ma'aikata. Shi kuwa me yake ba su? Abin da ba ya kai su tsakiyar wata. In allura ta soki yatsa jini ya ɓata yadi, a yanke albashi. In kin daɗe a banɗaki, a yanke. Tagogi a rufe, ƙurar zare tana shiga ƙirji, zufa tana ɗiga kan ɗinki.

Ranar da wakilan kamfani za su zo dubawa, sai a share ɗakin fes, a fito da fankoki daga sito, a koya wa kowace abin da za ta faɗa. Har matan kan yi zolaya, su ce, "Yau fanka ta zo ganin gida." Baƙi na tafiya, a mayar da ita.

Gwaggonsa, wadda ta goya shi, ita ce shugabar masu guga. Ta same shi a ofis ta ce, "Ɗan nan, jiya wata ta faɗi a kan keke. Ba ta karya ba, yara ta bar wa abincin. Ka ji tsoron Allah ka ƙara musu."

Ya ce, "Gwaggo, wadda ba ta so, ga ƙofa nan. Wasu na layi a waje."

Ta ce, "To, ni ce ta farko." Ta kashe dutsen guga, ta ɗauki mayafinta.

Shin wannan bai isa gargaɗi ba? Bai ji ba.

Ana nan sai babbar oda ta zo, irin wadda bai taɓa samu ba. Ya ce babu hutun ƙarshen mako, kuma babu ƙari. Mace ɗaya ta ɗauke ƙafarta daga keke, ta biyu ta bi, har layi ya ƙare. Ya yi faɗa, ya yi barazana. Wadda ta faɗi rannan ta dube shi ta ce, "Maigida, mun ji yunwa muna aiki. Za mu iya jin ta a gida."

Suka fice, ba wadda ta waiwayo.

Ya kwaso 'yan koyo da araha, suka yi ta gaggawa. Kaya suka isa can, aka buɗe: wuya a karkace, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Aka dawo masa da su. Kamfani ya aiko mutane ba sanarwa, suka ga ɗakin yadda yake, suka nemi tsofaffin ma'aikata, matan suka faɗi gaskiya tiryan-tiryan. Aka soke kwangila. Kekuna suka tafi, mota ta bi, gida ya bi. Wanda ya ba ni labarin ya gan shi a bakin kasuwa, ya tara rigunan nan a kan tabarma yana kiran masu saye. Mutane suna ɗagawa, suna dariya, suna ajiyewa.

Ya 'yan uwa, haƙƙin ma'aikaci ba ya narkewa a cikin wanda ya haɗiye shi. Kai mai shago, ke mai 'yar aiki, kai mai gona, ku koma yau ku gyara, kada ku jira gobe. Mu kuma masu murnar riga mai araha, mun taɓa tambayar wa ta kwana da yunwa kafin ta yi araha? Ni dai ba zan daina faɗa ba, ko da za a daina gaishe ni.

Allah ya kiyaye mu daga cin gumin bayinsa, ya sa mu sauke haƙƙi tun muna da numfashi. Amin.