Kashi Huɗu Kawai

Akwai wani mutum mai suna Jorma, ma'aikaci a wani gandun rainon dashen itatuwa a gabashin Finland. Allah ya ba shi kan lissafi. Ka jefa masa lamba komai girmanta, kafin ka ajiye kofin gahawarka ya ba ka amsa.

Lokacin shan gahawa na ƙarfe biyu, abokan aiki sukan gwada shi.

"Jorma, kashi goma sha biyar cikin ɗari na miliyan shida?"

"Dubu ɗari tara. Ku kawo mai wuya mana, barci nake ji."

Dabarar ba ɓoyayya ba ce. Ya cire sifili ɗaya ya sami kashi goma, ya raba shi biyu ya sami kashi biyar, ya haɗa. Sai dai saurin nasa ya fi na kowa, kuma abin ya shiga kansa. Duk wanda ya gani da fensir da takarda, kallon tausayi yake yi masa.

Wata shekara guguwa ta kwantar da dazuzzukan yankin. Ƙungiyar masu daji ta nemi dashe miliyan huɗu, a kawo mata baɗi da zarar ƙanƙara ta narke. Gandun bai taɓa karɓar aiki mai girman wannan ba.

Aulis, mai gandun, ya tsufa yana shirin hutawa. Ya ce wa Jorma, "Ka cika miliyan huɗun nan ba saura, ni kuma in miƙa maka ragamar wurin."

Kowa a gandun ya san ba duk irin da aka shuka ke kai labari ba. Cikin biyar ɗaya yakan mutu, wato kashi ashirin cikin ɗari. Jorma ko zama bai yi ba.

"Kashi ashirin na miliyan huɗu, dubu ɗari takwas. A shuka miliyan huɗu da dubu ɗari takwas. An gama."

Akwai wata dattijuwa, Sirkka, wadda ta shekara talatin da ɗaya tana tsince matattun dashe daga cikin tiren shuka. Lissafinta a hankali yake tafiya, a bayan kwali take yinsa. Washegari ta same shi a gaban mutane.

"Jorma, abin nan bai zauna min ba. Ni dai in ina son dashe huɗu masu rai, biyar nake shukawa. Ashe ba miliyan biyar ya kamata ba?"

Jorma ya yi dariya. "Haba Sirkka, tun jiya kike kan wannan? Kin ma yi ƙoƙari, na zata sai mako mai zuwa."

"Mutuwar ba ta san yawan da aka nema ba," in ji ta. "Abin da ka shuka take ci."

"Ki riƙe tsintar matattunki, ki bar lissafi ga masu shi."

Wasu suka yi murmushi. Sirkka ta naɗe kwalinta ta koma bakin aiki. A nan mutum ba ya maimaita magana. In ya faɗa sau ɗaya, ya sauke nauyi.

Aka shuka yadda Jorma ya ce.

A watan Oktoba aka zo ƙirga dashen kafin a zuba su cikin ɗakin sanyi. Masu rai miliyan uku da dubu ɗari takwas da arba'in. Jorma ya sa aka sake ƙirgawa har sau uku, amsar ba ta motsa ba.

Shekarar ba ta yi muni ba. Kashi ashirin ne daidai ya mutu, amma kashi ashirin na abin da aka shuka, wato dubu ɗari tara da sittin. Ƙarin da ya yi ma ai mutuwa ta ɗauki rabonta a ciki. Dashe dubu ɗari da sittin babu su, ga rana ta riga ta gajarta, sanyi ya kawo kai, babu halin sake shuka.

Aulis bai ɗaga murya ba, kuma bai sake ta da maganar ragama ba. Ya ajiye wa Jorma takarda mai sunayen mutum arba'in, ƙananan masu daji da suke ƙarshen layi, waɗanda dashen ba zai kai gare su ba.

"Kai za ka kira su, ɗaya bayan ɗaya."

Jorma ya kwana uku yana kira. Wasu suka ce to, suka kashe waya. Wasu suka faɗa masa abin da ba ya maimaituwa. Na talatin da ɗaya wani tsoho ne, Eino, mai shekara tamanin da uku. Ya riga ya sa an share filinsa an yi kunyoyin shuka, dashe dubu huɗu kawai yake jira.

Jorma ya yi masa bayani, ya ce baɗi babu dashe, sai shekara mai zuwa bayanta.

"Wace shekara mai zuwa?" in ji Eino. "Kai yaro, ka san shekaruna?"

"Ka yi haƙuri Baba. Giɓin ma ba wani babba ba ne. In ka duba aikin gaba ɗaya, kashi huɗu ne kawai."

Tsohon ya amsa masa.

"A wurinka kashi huɗu ne. A wurina dajina ne duka."

Ya kashe wayar. Jorma ya daɗe riƙe da tasa a kunne. Saura mutum tara bai kira ba.

Darasi: Saurin amsa ba shi ne daidai ba. Kafin ka ce kashi kaza, tambayi kanka na mene ne, kuma kada ka raina mai yi a hankali idan ya ce ka sake dubawa. Ƙaramin kaso a bakinka yana iya zama duk abin da wani ya mallaka. Ku tura wa wanda kuka san ba a gyara masa magana.