Wayar Magaji Ta Yi Ƙara a Hanyar Maiyama

Akwai wani dillalin albasa a Aliero mai suna Magaji, mutumin da fushinsa ke rigan tunaninsa isa ko'ina. Ƙato ne, ga wushirya, ga wani jan tawul da ba ya rabuwa da wuyansa. Abu ɗaya yake tinƙaho da shi a duniya, sunansa. 'Yan kasuwa daga Kudu sukan bugo waya a loda musu mota ba su ga buhu ko ɗaya ba, don dai Magaji ya ce albasar mai kyau ce.

A shekarun da manyan wayoyi suka fara yawa a hannun samari, wani da ba a san ko wane ne ba ya fara sakin labarin zane a intanet, shafi bayan shafi. Labarin wani dillali ne wai shi Ɗanruɓe, mai cusa ruɓaɓɓiyar albasa a tsakiyar buhu ya rufe da mai kyau. Abin haushin, Ɗanruɓe ƙato ne, yana da wushirya, ga jan tawul a wuya.

Kai jama'a! Nan da nan kasuwa ta ɗauka. In Magaji ya gifta, masu dako sai su toshe hanci suna ƙunshe dariya. Ranar da wani tsohon abokin cinikinsa ya ce a zazzage buhu a gabansa kafin a loda, Magaji ya ji kamar an watsa masa ruwan barkono a ido.

Amininsa Ladan mai sayar da buhuna ya ce, "Magaji, ƙyale su. Zane na fa, ba wanda ya ambaci sunanka."

Magaji ya ce, "Wallahi sai na ga ɗan banzan da ka wanga aiki, ko ƙarƙashin ƙasa ya shiga."

To akwai wata manhaja da samari ke bin irin waɗannan labarai da ita. Ka sa mata sunan labarin, duk sa'ad da aka saki sabon shafi sai wayarka ta yi ƙara, kuma tana nuna maka rana da lokacin da kowane shafi ya fito. Mutane sun sa ta don nishaɗi. Magaji kuwa don farauta ya sa ta.

Ya zauna yana duba lokutan kamar mai binciken kisan kai. Sai ya lura yawancin shafukan ranar lodi suke fitowa, bayan la'asar. A irin ranakun ne kuma wani bawan Allah mai suna Hayatu ke zuwa daga Jega a kan babur yana yi wa manyan motoci fenti. Shi ke zana zaki da dawisu a jikin katakon mota, hannunsa da kyau ba laifi. In ya gama sai ya zauna a inuwa yana danna waya.

Wata rana Magaji na kallon Hayatu yana danne-dannensa, sai tasa wayar ta yi ƙara. Sabon shafi! Shi ke nan fa, ya yanke hukunci. Ko kaɗan bai tuna cewa rabin kasuwar na danna waya a wannan lokacin ba.

Da ya gaya wa Ladan, sai Ladan ya ce, "To ka tambaye shi mana, baki da baki."

Magaji ya yi tsaki. "In tambaye shi ya rantse min? Na riga na gani da idona."

Bayan 'yan kwanaki ya ji Hayatu na gaya wa wani direba cewa daga nan Maiyama zai wuce, zai rubuta allon wani shago. Magaji ya ɗauki ƙotar gatari ya soke a bayan babur ya bi shi, rana tsaka, ko kunyar idon mutane babu.

A wani wuri da gonaki suka yi yawa ya sha gabansa, ya sa ƙafa ya hankaɗe babur ɗin. Hayatu ya wuntsila cikin tsakuwa, gwangwanayen fenti suka fashe, ja da kore suka malale a kan titi. Kafin ya miƙe Magaji ya dira a kansa. Ya naushe shi a baki har jini ya yi tsartuwa, ya zaro wayarsa daga aljihu ya taka ta da diddige sai da ta yi raga-raga.

Hayatu na ihu, "Mi na yi maka? Don Allah mi na yi maka?"

"Da wane hannu kaka zana ni? Wanga?"

"Wane zane? Wallahi ban san zancen da kaka yi ba!"

Magaji ya take masa tsintsiyar hannun dama a kan kwalta, ya ɗaga ƙota ya sauke. Ƙashi ya ce ƙas. Bai tsaya ba, ya ƙara, ya kuma ƙarawa, har yatsun suka daina kama da yatsu. Ihun Hayatu ya koma gurnani.

Ana cikin haka sai waya ta yi ƙara a aljihun Magaji.

Ya zaro ta da hannunsa mai jini. Manhajar ce take sanar da shi an saki sabon shafin Ɗanruɓe yanzun nan. Ya dubi tarkacen wayar Hayatu a ƙasa, ya dubi hannun da ya farfasa. Ƙotar ta suɓuce masa. Inna lillahi, ba shi ba ne!

Manoman da suka jiyo ihu suka iso da fartanya da sanduna. Ba su tambayi ba'asi ba, kamar yadda shi ma bai tambaya ba. Suka rufe shi da duka, suka fasa masa kai, suka zubar masa da haƙoran gaba. Da wani dattijo bai faɗa kansa ya kare shi ba, da gawarsa za a miƙa wa 'yan sanda.

Magaji ya yi zaman gidan yari. Mai zanen kuwa har yau ba a san shi ba, daga ranar ya daina sakin labarin. Sunan da Magaji ya fita karewa ya tafi gaba ɗaya. Waɗanda a da suke cewa sharri aka yi masa, su ne suka koma cewa ashe mai zanen ma rufa masa asiri ya yi.

Da ya fito, ya nufi tashar Jega. Ya tarar da Hayatu a gindin wata mota yana fama da burushi a hannun hagu, layin na karkacewa, direban na faɗa yana cewa a bar masa motarsa haka nan. Hannun daman na rataye a jikinsa, ya shanye.

Magaji ya durƙusa a gaban jama'a yana kuka wiwi, yana roƙon gafara.

Hayatu ya dube shi ya ce, "Na yahe maka, don ni ma in samu zuciyata ta huta. Amma Magaji, hal yau ban taɓa ganin zanen nan ba. Gaya min, mi anka zana maka da yak kai hannun mutum?"



Darasi: Waya na iya gaya maka lokacin da abu ya faru, amma ba za ta gaya maka wanda ya aikata ba. Zato ba hujja ba ne. Kafin ka ɗaga hannu ka buɗe baki ka tambaya, domin abin da fushi ya karya, kuka ba ya ɗora shi. Don Allah ku tura wa 'yan'uwa, musamman wannan abokin naku mai saurin hawa, kun dai san shi.