Ranar da Alhaji Sai-an-duba Ya Yi Baki Biyu

"Wannan tabon na silin fa? Ni na zo na zana shi?"

"Alhaji, ruwan sama ne. Babu daminar da ban kira ka a kan rufin nan ba."

"Ruwan sama! Yau kuma ruwan sama ne ɗan hayata. Shi zan kama ya biya ni?"

Ku ɗan dakata, mutanen wannan shafi, in gaya muku su wa ke faɗan.

Akwai wata mai ɗinki da ta yi shekaru tana haya a wani ɗaki da falo a saman bene, ita da mahaifiyarta. Ranar da ta kama wurin, ban da kuɗin haya, an karɓi kuɗin ajiya a hannunta, irin wanda mai gida ke riƙewa saboda ɓarna, ya mayar maka idan ka fita ka bar masa ɗaki lafiya.

Da ciwon gwiwa ya matsa wa Inna, hawa bene ya gagara. Mai ɗinki ta samu ɗaki a ƙasa a wata unguwa, ta ba da kafin alƙalami, ta yi alkawarin cika sauran ranar tashi. Cikon kuwa ba shi da wata hanya sai wannan kuɗin ajiya. Sabon mai gidan ya gaya mata ƙarara: idan ya rufe shagonsa yau bai ga ciko ba, akwai mai jira.

Shi kuma tsohon mai gidan, 'yan haya suna kiransa Alhaji Sai-an-duba. Famfo ya fashe, sai an duba. Wayar wuta na hayaƙi, sai an duba. Wata maƙwabciya ta rantse ta taɓa ce masa "Alhaji an tashi lafiya?" ya ce sai an duba.

To yau ya zo dubawa da ƙafarsa.

Kaya duk an sauke, an ɗaure a bayan a-kori-kura. Inna na zaune a gaban mota kusa da direba, rana na dukan gilashi, tana fifita da gefen mayafi. Ɗakin fes, mai ɗinki ta wanke shi tun daga tagogi har bayan ƙofa, hannunta har yanzu warin sabulu yake.

Alhaji ya goya hannu a baya yana zagaye. Idan zai yi maganar kuɗin da zai fita daga aljihunsa, muryarsa ta hanci take fitowa.

"Nan kekenki ya zauna ko? Dubi yadda siminti ya yi santsi. Kin cinye mini ƙasa."

"Alhaji, taka shi ake yi."

"Mariƙin ƙofa ya saki. Masu kawo ɗinki, shiga, fita, shiga, fita. Ƙofa ba ta da rai ne? Fenti ya dushe. Ga silin. Idan na haɗa, ke ce ma za ki ciko mini. Amma na yafe, albarkacin tsohuwa."

Mai ɗinki ta tuna ɗakin ƙasan, da kafin alƙalamin da ba a mayarwa. Idan kuɗin nan bai fito ba, yau ita da Inna da keken ɗinki ba su da wurin kwana.

"Alhaji, tsufan fenti ba ɓarna ba ne. Nuna mini abu guda da na fasa, a kira mai gyara ya faɗi kuɗinsa a gabanmu, ka cire, ka ba ni sauran. Haƙƙina ke nan."

"Haƙƙi! An fara karatun lauya a kan keken ɗinki. Je ki kai ƙara, 'yata. Ni ina nan, ba inda za ni."

Ya san abin da yake faɗa. Ko ta kai ƙara ta yi nasara, ba yau ba ne.

A bakin ƙofa ƙaninta ke tsaye, wani maƙerin walda mai faɗin ƙirji da ake kira Tartsatsi. Ya zo taya ta kwance gado, guduma na hannunsa tun ɗazu. Jijiyar wuyansa ta miƙe.

"Yaya, matsa."

"Ina za ka?"

"Ba kuɗin ɓarna ya ci ba? To bari a ga ɓarnar. Da taga zan fara, in gama da bahon wanka. Wallahi sai kuɗinki ya ƙare tas a ɗakin nan."

Gaskiya, zuciyarta ta so. Har ta ji ƙarar gilashin a kunnenta, ta ji daɗinta. Sai ta kalli Alhaji. Bai ja da baya ba, bai yi ihu ba. Wayarsa yake lalubowa daga aljihu, yana saita ta wajen taga, gefen bakinsa na motsi.

Ta cafke wuyan hannun ƙaninta.

"Ajiye."

"Yaya, mutumin nan..."

"Na ce ajiye! Ka fasa ko ƙusa ce, ka halatta masa kuɗina, ka kwana a hannun 'yan sanda, Inna ta kwana a mota. Dubi wayarsa. Kai yake jira."

Tartsatsi ya yi huci kamar injin da ya ƙi tashi, ya saki gudumar a hankali a kan tabarmar ƙofa. Alhaji ya mayar da waya aljihu, ransa a ɓace.

A ƙasa direba ya danna hon, ya sake dannawa. Wayar mai ɗinki ta yi ƙara: sabon mai gida. "Baiwar Allah, mai son ɗakin nan ga shi zaune a shagona. Me zan ce masa?" Ta ce don Allah ya ƙara mata haƙuri. Ya kashe bai amsa ba.

Ana cikin haka aka yi sallama daga matakala.

Ashe Alhaji, da yake ba ya son ɗakinsa ya kwana ko dare ɗaya babu mai biya, ya riga ya kira sabuwar 'yar haya ta zo ta gani a ranar. Lissafinsa shi ne kafin ta iso mai ɗinki ta gama kukanta ta tafi. Matar, wata malamar makaranta ce mai tabarau, ta riga lokaci.

Nan take hancin Alhaji ya buɗe. Muryar karɓar kuɗi ta fito, mai laushi kamar an shafa mata mai.

"Malama! Lale, lale! Shigo ki ga ɗaki. Kin ga siminti? Kamar madubi. Kin ga ƙofa? Irinta ba ta tsufa. Fentin nan kuwa, ki rantse jiya aka yi shi. Ko ƙusa ba za ki saya ba."

Tartsatsi ya buɗe baki. Alhaji ya yi wuf ya matso kusa da mai ɗinki, ya yi ƙasa da murya.

"Ki kama bakinki, ki kama na ƙaninki. Zan ba ki rabi."

Rabi. Da rabi a hannu wataƙila ta roƙi sabon mai gida ya ɗaga mata ƙafa. Wataƙila. Hon ya sake tashi a ƙasa. Ta leƙa ta taga, ta hango Inna ta jingina kai da ƙofar mota.

Malama ta ɗaga kai tana kallon silin. Sannan ta juyo.

"'Yar'uwa, ke kika zauna a nan ko? Tsakaninki da Allah, ɗakin yana da matsala?"

Alhaji ya yi tari. Mai ɗinki ta dubi Malama.

"Ɗaki lafiyarsa lau, Malama, sai rufin can. Idan ana ruwa kada ki sa gado a kusurwar nan, bokiti za ki sa. Amma fa ni ban sani ba, don yanzun nan Alhaji ya gama gaya mini siminti ya cinye, ƙofa ta mutu, fenti ya lalace, har kuɗin ajiyata bai isa gyara ba."



Malama ta gyara tabarau. Kallon da ta yi wa Alhaji, irin wanda ake yi wa ɗalibin da aka kama da amsa a tafin hannu ne.

"Alhaji, wanne ne a ciki?"

"Ai Malama, kin gane, wannan magana ce tsakanina da..."

"A'a, tsakaninmu ce duka. Idan ɗakin ya lalace, ba zan biya kuɗin sabo ba, ka rage rabin haya har ka gyara. Idan kuma lafiyarsa lau kamar yadda ka ce, ka ba baiwar Allah kuɗinta. Ni ma ajiyar nan ka ce in kawo. Yadda ka sallame ta, haka za ka sallame ni."

Ta ciro wayarta, ta riƙe a hannu. Hayar shekara guda na cikin wayar nan, Alhaji kuma ya sani. Ya kalli wayar, ya kalli siminti. Gumi ya tsattsafo daga ƙarƙashin hularsa.

"Sai an du..."

"An duba ai," in ji Tartsatsi. "Da bakinka biyu ka duba."

Alhaji ya ciro waya. Yatsansa ya daɗe yana yawo a kan gilashi kamar mai neman lambar da ba ya son samu. Can wayar mai ɗinki ta yi ƙara. Ta karanta saƙon banki, ta sake karantawa. Kuɗinta ne cif. A tsaye a wurin ta tura cikon, ta kira sabon mai gida. Ya ce, "Ya shigo. Saura ƙiris in ba wancan. Ku taho."

Mai ɗinki ta miƙa wa Alhaji makulli, ta riƙe hannun Malama ta yi mata godiya. Tartsatsi ya saɓa gudumarsa, ya leƙa ta taga ya ƙwala: "Direba, tayar! Inna, an ci!"

Alhaji ya share gumi, ya maido murmushi. "To Malama, sai naki."

"Sai an gyara rufi," in ji Malama. "Tambaya ɗaya kuma. Ni ba ni da keken ɗinki, ba ni da masu shiga da fita. Ranar da zan tashi, me za ka ce na ɓata?"

Alhaji ya kalli bango da gaske, yana nazari.

"Ya danganta da yadda kike numfashi, Malama. Fenti ba ya son numfashi mai zafi."



Darasi: Kuɗin ajiya amana ce a hannun mai gida, ba kyauta ba. Tsufan ɗaki daban, ɓarna daban, kuma wanda ya ce ka ɓata shi ne zai nuna. Ka nemi haƙƙinka da baki da shaidu, kada fushi ya sa ka yi ɓarnar da ake jira ka yi, kada kuma ka rufe gaskiya don a ba ka rabin abin da naka ne duka. Ku tura wa duk ɗan hayar da kuka sani, in kuna da ƙarfin hali ku tura wa mai gidanku ma.